Amsar da Ta Dawo Kasuwa

Kafin ita, sun zo da yawa,
masu takalman da ba su san caɓin Mayil Tuwel ba.
Shekarunka nawa? 'Ya'ya fa?
Kwando nawa ke ruɓewa tsakanin Kadawa da Ikko?
Mu faɗa, su rubuta, su ɗauke mu hoto,
su faɗa danfo.
Amsoshinmu duk sun tafi Akoka karatu,
babu wadda ta dawo ta gaishe mu.

Shi ya sa ranar da Dokta Murjanatu ta yi sallama
na shara mata ƙarya mai rassa.
Ta dube ni, ta rufe littafin.
Ta ce, Sahabi, ba ni benci.
Kwana tara tana zaune kusa da ƙudaje,
tana kallon jan ruwan da ke tsiyaya daga gindin tirela,
kuɗinmu ne ke bin kwata.

Ta aika wasu 'yan na'urori arewa,
kowace ba ta fi gidan ashana ba,
aka binne su cikin timatir, suka yi kwana uku a hanya.
Da suka sauka suka tona asiri:
na ƙasa zazzaɓi yake yi tun daga Jebba,
na sama ya danne shi,
tsinken kwando kuma yana sukarsa a kowane rami.

Sai ta kawo akwatunan roba, shuɗaye, masu tagogi.
Muka yi tafi.
Baba Na'iya bai yi ba.
Ya tofar da goro, ya ce, 'yata,
kwando in ya gama aiki nan muke yar da shi.
Wannan ɗan gatan naki,
wa zai biya masa kuɗin mota ya koma gida fanko?

Ta yi shiru har ladan ya kira la'asar.
Ta ce, ban sani ba.
Shekarata talatin a kasuwar nan,
ban taɓa jin mai digiri ya faɗi haka ba.

Muka ce ta tafi ke nan.

Ranar da ruwa ya cinye hanyar Ketu ta dawo,
zani a jiƙe har gwiwa,
da akwatunan da ke shigewa cikin juna kamar kwanonin sha,
lodin mota biyar ya koma a mota guda.
Ta hau bayan akori-kura ba lasifika,
ta karanta mana abin da muka faɗa, da Hausa,
ɗalibinta Tobiloba yana juya wa mata da Yarbanci.
A shafi na biyu akwai sunan Baba.
Ta ɗora masa yatsa a kai.
Ya daɗe yana kallo, ajami ya sani,
sannan ya ce, ana biyan mai suna?
Kasuwa ta ɗauki dariya. Ni na ga ya share ido da hula.

Yanzu abin da nake zubarwa bai cika bokiti ba.
Na biya kuɗin makarantar Hajjo ba tare da na ci bashi ba.

Amma jiya Iya Sikira ta tare ta a bakin rumfa.
Fasasshen timatir take saye da araha,
da shi take miyar da 'yan dako ke ci,
ga shi ya yi wuya kamar haƙorin kaza.
Ta ce, kin gyara musu, ni kin kashe mini wuta.
Can arewa ma, an ce, masu saƙa kwando suna tambayar sunanta.

Dokta ba ta kare kanta ba.
Ta buɗe littafin nan, ta nemi shafin da ba a taɓa ba,
ta dube ni.

Na gane.
Na jawo mata benci.